Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugabannin Ƙananan Hukumomin Abuja Kan Giya A Wuraren Zane

Zuwa ga masu girma shugabanni da kansilolin ƙananan hukumomi shida na Babban Birnin Tarayya: Birnin Abuja, Bwari, Gwagwalada, Kuje, Kwali da Abaji.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku, ina kuma yi muku sannu da ɗawainiyar jama'a.

Ranku ya daɗe, ni malamar zane ce. A Zariya na yi karatu, a sashen zane-zane na Jami'ar Ahmadu Bello, kuma na daɗe ina koyarwa a nan Abuja: yara ranar Asabar, manya kuma da yamma duk lokacin da aka samu masu so. Ba ni da shago. Yau ina wannan lambu, gobe ina zauren wancan otal, jibi a farfajiyar wata makaranta. Na faɗi haka tun farko ne don ku san mai ɗaki ce ke nuna muku inda ɗakin ke yoyo.

Wata Asabar ce cikin damina. Na kama hayar rumfa a wani lambun shaƙatawa, irin waɗannan da suka cika birnin nan, na tara yara goma sha huɗu muna zanen kifi. Ƙa'idarmu mu tashi ƙarfe huɗu. Sai hadari ya haɗo, ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya, iyaye suka maƙale a hanya. Ashe mai lambun ya ba wasu hayar rumfar daga ƙarfe huɗun. Sai ga su sun iso, samari da 'yan mata masu fara'a, ɗauke da allunan zane da ƙyallaye da akwatin kiɗa, suka shiga jera teburansu a gefenmu tunda ba inda za mu matsa. Wani saurayi a cikinsu ya buɗe kwalabe, ya bi tebur-tebur yana tsiyayawa a kofunan roba kafin baƙinsu su zo. Ni ma a kofunan roba na zuba wa yarana zoɓo. Kasuwa ɗaya muke sayo kofunan nan.

Duk wanda ya taɓa ganin jar giyar inabi a kofi ya san ita da zoɓo kamar an tsaga kara.

Ina can ina wanke wa wata yarinya hannu sai na ji muryar wani ɗalibina ɗan shekara bakwai yana cewa, "Anti, wannan zoɓon ya lalace." Na waiwaya na gan shi ya yamutse fuska, ya tofar a gaban rigarsa, kofin na hannunsa, yatsunsa duk shuɗin fenti. Kurɓa ɗaya ce. Ba abin da ya same shi, alhamdu lillahi, ya kurkure baki ya koma kan kifinsa. Amma ni ce na tsaya gaban mahaifiyarsa, da ta iso jiƙe sharkaf, na yi mata bayani. Ba ta yi faɗa ba. Da ma faɗan ta yi, da ya fi mini sauƙi. Ta dube ni, ta dubi teburan can, ta kama hannun ɗanta suka fita, ko zanensa bai ɗauka ba. Har yau kifin nan yana wurina.

Da aka natsa na nemi wanda zai amsa. Yarinyar da ta shirya taron, wadda ba ta wuce sa'ar ƙanwata ba, ta yi ta ba ni haƙuri har idonta ya kawo ruwa, ta ce ita ta ɗauka lambun yana da lasisi. Manajan lambun ya ce lasisinsa na mashayarsa ne da ke can ƙarshen fili, wannan kuwa a but ɗin mota aka kawo ta, ba ruwansa. Ita kuma ta ƙara da cewa ai ba sayarwa take yi ba, tikitin zane take sayarwa, abin sha kyauta ne. Kowa ya zame. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ba wanda ya yi mini ƙarya a cikinsu.

Wataƙila a cikinku akwai wanda bai san abin da nake magana a kai ba. Shi ne abin da matasan birni ke kira Sip and Paint, wato ka kurɓa ka zana. Mutum ya sayi tikiti ta Instagram ko WhatsApp, ya zo a ba shi ƙyalle da buroshi da fenti, malami ya tsaya a gaba yana nuna masa daki-daki, ana kiɗa ana sha, bayan awa biyu ko uku kowa ya koma gida da hoton faɗuwar rana ko na mace ɗauke da tulu. Ba a nan aka haife shi ba. A Amurka ya yi ƙarfi, bayan wasu mata biyu sun buɗe irin wannan wuri a garin Mandeville na jihar Luwiziyana a 2007, shekara biyu bayan guguwar Katrina. Kamfaninsu ne daga baya ya zama Painting with a Twist, ya bazu jihohi. Yanzu kuwa a Wuse da Maitama da Jabi da Gwarinpa, da wuya ƙarshen mako ya wuce ba a yi ba: masu bikin ranar haihuwa, ma'aikatan ofis, masoya, 'yan hidimar ƙasa.

A can inda muka kwafo shi, sai mutum ya cika shekara 21 ake sayar masa da giya, kuma jihohi da gundumomi suna da hukumomin da ke cewa ga wanda zai sayar, ga inda zai sayar, ga lokacin da zai rufe. Mu doki muka ɗauko, muka baro linzamin a can.

Na kawo kukana gare ku ne saboda ku doka ta ba wuƙa da nama. Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya jero ayyukan ƙananan hukumomi, a ciki har da ba da lasisin sayar da barasa da sa ido a kan yadda ake sayar da ita. Dokar 1998 da ta fayyace harajin da kowane matakin gwamnati zai karɓa ita ma ta sa kuɗin lasisin giya a kason ƙaramar hukuma, kashi biyu: na inda ake sha a wurin, da na inda ake saya a tafi da ita. To, ranku ya daɗe, ku dubi wannan rabo da kyau. Waɗanda suka tsara shi mashaya da kanti suka sani, masu gini da ƙofa da adireshi. Taron zane ba shi da ko ɗaya. Tafi-da-gidanka ne, yau a saman bene, gobe a bakin tafki, mai shi ya shigo ƙarfe huɗu ya kwashe kayansa ƙarfe tara. In jami'inku ya zo washegari, kujeru kawai zai tarar.

Sai wannan magana ta "kyauta". Ni ma daidai gwargwado 'yar kasuwa ce, na kuma san kuɗin kwalba na cikin kuɗin tikiti kamar yadda kuɗin buroshi yake ciki. A Ingila tuni suka toshe wannan kafa: in kuɗin abin sha na cikin tikiti, a idon doka sayarwa ce. Su ne kuma suke da tsarin da nake ganin zai yi mana daidai. A ƙarƙashin dokar lasisinsu ta 2003, wanda zai yi taro na ɗan lokaci da za a sayar da giya yakan aika wa majalisar yankinsa sanarwa aƙalla kwana 10 na aiki kafin ranar, ya biya fam 21, ya faɗi wuri da lokaci da yawan mutane, waɗanda ba za su kai 500 ba. 'Yan sanda da jami'an lafiyar muhalli na iya cewa ba su yarda ba. Takarda ɗaya ce, da sunan mutum ɗaya a kanta. In wani abu ya faru an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Irin wannan nake roƙon ku yi mana, izini na taro ɗaya, a wuri ɗaya, na awanni sanannu, da sunan wanda zai amsa. Tun ran gini tun ran zane. Sana'ar nan yarinya ce a birnin nan, yanzu ne take lanƙwasuwa.

Cikin sharuɗɗan da za ku sa, guda ɗaya ne ya hana ni barci, shi ne na yara. Kada a ba mai wuri damar haɗa ajin yara da taron da ake shan giya a rumfa ɗaya, kuma a bar tazara ta gaske tsakanin tashin wannan da zaman wancan, don ruwan sama da cunkoson hanya ba sa duba agogo. Kada wanda bai kai 18 ba ya shiga irin wannan taro, kuma a duba katinsa a ƙofa, ba a dubi tsayinsa ba. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003, wadda ke aiki a Abuja, ta ce duk wanda bai kai 18 ba yaro ne. Su kansu kamfanonin giya suna rubuta 18+ a tallansu. Ba sabon abu na ƙirƙiro ba.

Ga dalilin da ya sa na dage a nan. Ɗiyar yayata, 'yar aji biyu a babbar sakandare, ta taɓa zuwa irin wannan taro da ƙawayenta. Wata ce ta saya musu tikiti ta waya. Ba wanda ya tambaye su shekara, ko a wayar ko a ƙofa. Ta ce da aka miƙo mata kofi ta ce ba ta sha, sai da teburin ya yi mata dariya, wani ya ce ai ba giya ba ce, inabi ne. Allah ya taimake ta ta tsaya a kan bakanta. Amma ku tambayi kanku yadda aka yi uwarta ta bar ta ta fita. Cewa aka yi za a je koyon zane. Da cewa aka yi za a je mashaya, ko ƙofar gida ba za ta taka ba. Sunan "ajin zane" amana ce da iyaye suka ba mu, mu malamai, bayan shekaru muna lallashi. Giya ta shigo ta ari wannan amana ba ta tambaye mu ba. Shi ya sa nake roƙon ku wajabta wa duk mai shirya taro ya rubuta ɓaro-ɓaro a tallansa cewa akwai giya, da harafi mai girman na kuɗin tikiti, ba a ɓoye a bayan kalmar "kurɓa" ba. Kurɓar me?

Gwamnatin tarayya kanta ta san haɗarin. Tun 2018 aka yi yarjejeniya da masu sarrafa barasa cewa za a daina zuba ta a leda da ƙananan kwalabe da ba su kai mililita 200 ba, babban dalilin kuwa shi ne sauƙin kai wa hannun yara. A farkon 2024 hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, NAFDAC, ta ce ta fara aiwatarwa, aka shiga ja-in-ja. In ana wannan dambe a kan ledar da ake sayarwa a tasha, bai kamata a kau da kai daga kofin da ake miƙa wa 'yar sakandare a Maitama ba don kawai wurin yana da fitilu masu kyau.

Akwai kuma abin da sai wanda ke aikin ne zai lura da shi. Teburin mai zane cike yake da kofuna. Ga na ruwan wanke buroshi, wanda kafin rabin awa ya rine ya koma ja ko ruwan ƙasa. In fentin mai ake amfani da shi, ga na sinadarin tsinka fenti da muke kira tina, fari tas kamar ruwa, guba ne in an sha, wuta kuma yake kamawa. Ni da nake cikin hayyacina na sha tsoma buroshi a kofin shayina. To ina ga wanda ya sha kofi uku, fitila ta yi ƙasa, kiɗa na tashi? A hana tina a duk taron da ake sha, a bambanta kofin sha da na wanki. Kuma a buɗe kwalba a gaban mai sha, mai lambar NAFDAC a jiki, ba a juyo wani abu daga jarka a bayan fage ba. Ba mu manta da 2015 ba, lokacin da gurɓatacciyar barasa ta kashe mutane da dama a jihohin Ondo da Ribas. Maganar tuƙi bayan an tashi kuwa, na bar wa hukumar kiyaye haɗurra, sun fi ni sanin abin da titin Kubwa da na filin jirgi ke ci da dare.

Yanzu bari in juya ga ɗaya gefen, don kada garin gyaran gira a rasa ido. Mu da yawa muna shirya irin wannan taro ba tare da ɗigon giya ba, Musulmi da Kirista. Zoɓo muke bayarwa da kunun aya da shayi mai citta, wani lokaci fura da nono. Wata Juma'a da yamma ina tsakiyar aji da wasu ma'aikatan banki sai ga mutum uku sanye da riguna masu ƙyalli. Ba su nuna takardar kowace hukuma ba. Sun ga kalmar "sip" a ƙyallen talla, suka ce in kawo lasisin giya. Na ce ba giya a nan. Ɗayansu ya buɗe kula, ya shinshina kunun aya, ya ce ai wannan ma in ya kwana yana bugarwa. Baƙina suka yi dariya, ni ban yi ba. Na ba su abin da na ba su don kada a watsa mini taro, ba rasit. Ban ɗora wa kowane ofis wannan laifi ba, domin riga mai ƙyalli a kasuwa ake sayar da ita. Amma inda ba rubutacciyar ƙa'ida, kowa ma jami'i ne. Ku rubuta a fili cewa taron da ba giya ba ya buƙatar wannan izini. Ku buga kuɗin izinin inda kowa zai gani, a biya a banki, kada a miƙa wa kowa a hannu.

Kuɗin kuma kada ya yi tsada. Na san tsoron abokan sana'ata, wasu ma za su ji haushina kan wannan wasiƙa. Yawancinsu matasa ne da suka gama karatun zane ba aiki, wannan taro na ƙarshen mako shi ke biya musu haya. In kuka yanka musu kuɗin babban otal, ba dainawa za su yi ba. Gidaje za su koma, a rufe ƙofa, inda ba ku ba mu.

Da na karanta wa kawuna wannan rubutu ta waya, shi malami ne a Zariya, sai ya yi shiru, sannan ya ce, "Ke yanzu lasisin haram kike nema wa mutane?" Na san ba shi kaɗai zai yi wannan tambaya ba, don haka ga amsar da na ba shi. Na san aya ta 90 a Suratul Ma'ida, na san hadisin da ya la'anci mai sha da mai sayarwa da mai ɗauka da mai zubawa. Ban taɓa zuba wa kowa ba, ba kuma zan zuba ba, ko da a ce shi ne zai cika mini aji. Da a Gusau nake ko Kano, inda aka kafa shari'a tun 1999 da 2000, da wata wasiƙar daban zan rubuta. Amma Abuja tun da aka yanke shawarar gina ta a 1976, har aka tare a ranar 12 ga Disamba 1991, gari ne na kowa da kowa, kuma ana sayar da giya a cikinsa bisa doka ko na so ko na ƙi. Ba ni ce zan buɗe mata ƙofa ba, tana ciki tuni, tana zaune a teburin da ke kusa da ɗalibaina. Abin da nake nema a ɗaure ta a turke. Kawu bai gamsu ba, ya dai ce Allah ya shirye mu baki ɗaya, na ce amin.

Mai girma shugaban Kwali, kai ya kamata ka fi kowa jin wannan magana. A ƙasarka aka haifi Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20. Tun tana ƙarama ta koyi ginin tukwane a hannun 'yar'uwar iyayenta, sannan a 1954 ta shiga cibiyar koyon tukwane da Michael Cardew ya kafa a tsohuwar Abuja, wadda yanzu ake kira Suleja. Haka sana'ar hannu take, yaro a gefen babba yake koyonta, da yardar iyayensa. Ba ku san wahalar da muke sha kafin uba ya yarda 'yarsa ta riƙe buroshi ba. Wani ya ce wasa ne, wani ya ce zanen mai rai bai halatta ba, sai na zauna na nuna masa dagin Arewa da adon bangon gidajen Zariya da Kano da zanen lalle, na ce Alhaji wannan ma zane ne, kafin ya sassauto. Bayan abin da ya faru a lambun nan, uwaye uku suka bi sahun mahaifiyar yaron suka janye 'ya'yansu. Biyu daga cikin yaran mata ne, ɗaya kuwa hannunta ya fi nawa lokacin da nake shekarunta.

Ba sai kun jira Majalisar Tarayya ba. Kansila ɗaya ya isa ya gabatar da ƙuduri a zamanku na gaba, ku gayyato masu shirya tarukan da masu lambuna da mu malamai, kowa ya faɗi nasa. In kuna son gani da ido, ku zaga lambunan Wuse da Jabi ranar Asabar daga ƙarfe huɗu, kada ku sa manyan kaya, ku dubi tebura ku ƙirga kofuna.

Ni dai tun daga ranar na daina ba yara zoɓo a aji. Ruwan gora nake saya musu, a rufe, in rubuta sunan kowa a jikin tasa. Ba su ji daɗin canjin ba, kusan kowace Asabar sai wani ya tambaye ni ina zoɓon.

Na gode da kuka karanta. Allah ya taya ku riƙo.

Taku,
Malamar zane,
Gwarinpa, Abuja.